Kwandunan wankin Malam

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ina gaisuwa. Ya jikin naki, ya Alhaji da yara? Mu nan Birnin Kudu lafiya.

Na fita takaba. Da na buɗe shagon wankin Malam, sai na tarar da kwandunan robar da yake zuba kayan mutane, duk sun fashe. Inna ta ce, "Ki ba 'yan gwangwan mana." Ban ba su ba. Ɗaya na kife 'yan tsaki da shi saboda shirwa, ɗaya na shimfiɗa buhu na zuba ƙasa na shuka tattasai. Ya tsiro, Yaya. Na tsaya ina kallonsa, ban ji komai ba. Har yau ban yi kuka ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida mutanen gidan.

Ƙanwarki,
Zulai