Amon Jitar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan Alhamdu lillahi.

Jikin Baba da sauƙi, sai dai hannun daman nan da ya shanye har yanzu ya ƙi motsa shi. Likita ya ce in bai riƙa aiki da yatsun ba, nan da wata uku za su sandare. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya tura shi ƙarƙashin gado. Na sauko masa da jitarsa daga kan wadirob, ya kalle ta ya kau da kai. Ka san tun da amfilifarsa, akwatin sifikar nan mai ƙara wa jita sauti, ta ƙone ya ce jitar ba ta da sauran murya.

Shi ne na kawo kwamfutar da nake aiki da ita a situdiyo. Akwai manhajar da ke kwaikwayon amon amfilifa iri-iri: ka jona jita, ka zaɓi akwatin sifika, ka matsar da makirfo a kan allo kamar a gabanka yake. Na tono tsohon kaset ɗinsa, ina saurare ina murɗawa, yau kwana shida. Na rage kaifi, na ƙara kauri, na sa 'yar amsa-kuwwa irin ta ƙaramin ɗaki. A kunnena ya yi. Mama tana guga ta ce ya cika tsafta, wai na mijinta a shaƙe yake kamar mai mura. 

Yaya, tsoro nake ji kada lokaci ya ƙure ina nan ina murɗe-murɗe. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya jikin Anti? Saƙonka ya iso, Mama tana sa albarka.

Ranar Asabar da hantsi ina falo ina fama, har na yi niyyar rufe kwamfutar, sai Baba ya yafito ni. Maganarsa a hankali take fita yanzu, sai ka matso. Ya ce wahalar banza nake, domin sifikar tasa akwai huda a gefe, kuma mai manhajar bai san da ita ba. Na matsar da makirfon can baki-baki, na ƙara 'yar kakkarwa a kan kaurin. Ya ɗaga yatsa, na rage. Ya sake ɗagawa, na ƙara kaɗan. Sai ya miƙo hannun hagu ya karɓi jitar.

Sau biyu ɗan robar da ake kaɗa jitar da shi yana faɗuwa daga hannunsa. A na uku ya bar shi a ƙasa, ya kaɗa da babban yatsan hannun daman nan. Bai wuce layi ɗaya ba, shi ma da tuntuɓe, amma wallahi muryar ce. Mama ta tashi ta shige kicin, alhali ba ta ɗora komai ba. Yanzu kullum sai ya yi rabin awa, har yana min faɗa wai na taɓa masa saiti.

Sauran labarin naka ne. Ya ce kai ka yi hudar da fensir kana ɗan shekara bakwai, yana kallonka ta taga. Ka rantse ɓera ne, shi kuma ya je ya sayo tarko don kada ka ji kunya. Bai taɓa gyara ta ba, domin tun ranar makaɗa ke bin sa suna tambayar sirrin amon. Ashe shekara talatin kana gudun maganar amfilifar nan a banza.

Ya ce in gaida ɓera, kuma ɓera ya kira shi gobe da safe, zai kaɗa masa ta waya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta