Shafin Asibitin Kawu

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da Inna.

Na ji wai kin zama injiniya. Kawu ya ce cikin kwana uku kika haɗa wa asibitinsa shafin intanet da marasa lafiya za su riƙa neman ranar ganin likita. Na duba. Manhajar kyautar nan ce da kowa ke saukewa a intanet, a rubuta mata layi ɗaya ta zubo ƙashin aikin gaba ɗaya. Ke fenti kawai kika shafa. Shekara goma sha biyu ina rubuta nawa layi bayan layi, don haka kar ki sa kanki a sahunmu.

Na bar ki lafiya.
Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya.

Sahun naku ai ba na sha'awarsa. Shekara biyu ke nan da ka yi wa Kawu alkawarin shafin nan, har yau ko hoton ƙofar asibitin ba ka ɗora ba. Tsofaffi suna zuwa tun asuba su zauna a benci, a ce musu ba wuri. Waɗanda suka rubuta manhajar suka bar ta a buɗe don kowa ya amfana sun fi ka iya aiki, kuma ba su da bakinka.

A gaida Anti.
Auta

Auta,

Ina gaisuwa.

Gwanar zamani! Kalmar sirrin da manhajar take zuwa da ita, wadda duk ɗan koyo ya haddace, ita kika bari ba ki canza ba. Ina shan shayi na shiga. Sunayen marasa lafiya da lambobin wayarsu, ga su nan a shanye. Ki canza ta yau, kafin wani ya ja wa Kawu abin kunya.

Sannan na ga sunan Inna. Kowace Talata, sau tara a jere, wajen likitan ƙoda. Mene ne wannan? Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?

Yayanki

Yaya,

Na canza. Laifina ne, na kuma gaya wa Kawu da bakina.

Sau huɗu Inna ta kira ka a watan nan, kana cewa aiki ya yi maka yawa. Ta hana ni faɗa maka a takarda, ni ma ba zan faɗa ba. Talata mai zuwa ƙarfe tara ne. Ni nake kai ta a Keke Napep, kai kuwa kana da mota.

Ka huta lafiya.
Auta