Yashin da ka zuba wa Juwai

Baban Juwai,

Na tafi da yarinyar asibiti. Ban tashe ka ba, don in na buɗe baki yanzu, har maƙwabta sai sun ji mu.

Sau nawa na ce maka rairayin rafi mai laushi za a zuba mata a wurin wasan nan, wankakke, a tankaɗe? Ka ce ai yashi yashi ne, ka je ka kwaso ragowar na Oga Thaddeus mai gini a bayanmu. To, yashin bulo ne, kuma leburorinsa sun riga sun cakuɗa shi da siminti. Jiya da yamma Juwai ta zuba ruwa a ciki tana ginin gida. Yau ta farka da kuka, tafin hannunta duk ya saluɓe, idonta na hagu ya yi jawur.

Kafin mu dawo ka kwashe shi kaf, da hannunka, ban ce ka sa maigadi ba. In ka je sayen sabon yashi wajen masu tifa a hanyar Kubwa, ka ce musu na wasan yara kake so. Ka murza a bayan hannunka, in ya karce ka, ka bar musu abinsu.

Ka ari diga, shebur ba zai yi ba, don abin ya daskare. 'Yar tsanarta tana ciki har wuya. Tun da ta farka ita take tambaya, na ce mata Babanta ne zai ciro ta.

Nusaiba