Gidan Hayata na Dutsen Abba

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da Hajiya Rabi da yara. Yaya ciwon ƙafar? Yaya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Har yau ban manta ba, ranar da na sayar da shanuna na sayi fili a Dutsen Abba, a gaban kowa ka ce na sayi makwancin kuraye. Ban taka banki ba, ban ci kuɗin ruwa ba. Duk rani sai in daure in ɗaga ɗaki ɗaya, in sa ɗan haya, kuɗinsa ya sayi bulon na gaba. Yau ba ɗakin da ba mutum.

To, shekaranjiya Mama Ngozi, mai hayar shagona, ta aiko a kira ni. Na tarar da wani dillali yana auna katangata da igiya. Wai ɗanka Bashir ya turo shi, wai na tsufa, gara a sayar yanzu da gidaje suka yi tsada, a sayi wani a Abuja. Na ce, "Malam, naɗe igiyarka tun ban naɗe ka da ita ba."

Ba zan sayar ba, Sani. Gidan nan shi zai riƙe matata da 'ya'yana mata ranar da ba na nan.

Ku sa mu a addu'a, a gai da maƙwabta. Amma na gaji da shirunka. Ka amsa mini da bakinka: da saninka Bashir ya turo shi, ko kuwa ɗanka ya fi ƙarfinka?

Yayanka,
Garba