Ranar da Aka Rataye Rigar Malaki

Salt Lake, Utah

Zuwa ga Yaya Sinalei,

Gaisuwa da ban girma gare ki da duk mutanen gida a Leone. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sauƙaƙa miki ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau muke. 'Yarmu Lupe ta fara aiki a asibiti, Iosefa kuwa ci ya sa a gaba kamar ubansa, tukunyar gwaza ba ta kwana a gidan nan.

Yaya, saura ƙiris ƙaninki Malaki, maigidana, ya ba mu kunya. Kin dai ji jami'arsu ta ce za ta rataye rigarsa ta ƙwallo a filin wasa don karrama shi, ba wanda zai ƙara sa lambarsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a layin gaba na ƙungiyar ƙwallonsu yana tare ƙarti don kada su taɓa mai jefa ƙwallo, ba a kiran sunansa sai ya yi laifi, yau ga shi an tuna da shi. Sai ya kafe wai ba za shi ba. Gwiwoyinsa sun gama aiki, ko zuwa mota sai a keken guragu, shi kuma ya rantse mutanen da suka san shi a tsaye ba za su ga ana tura shi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Kin fi ni sanin taurin kan gidanku.

Da na rasa yadda zan yi, sai na kira Dewayne, wanda suka yi shekaru kafaɗa da kafaɗa a layin. Ya yi dariya ya ce in bar shi da tsohon bijimin nan. Ranar bikin suka iso su huɗu, kowa da tumbinsa da furfurarsa. Dewayne ya tambaye shi wai tun yaushe ɗan layi yake shiga fili shi kaɗai, ko tsufa ne ya mantar da shi su biyar ne? Malaki ya ce su ɓace masa da gani, 'yan iska kawai, amma sai ga shi yana neman takalmansa.

Haka suka shiga fili a jere, hannu a kafaɗar juna, shi a tsakiya. Jama'a sun ɗauka salo ne. Ni da nake kusa na ga da ƙyar ƙafafunsa suke taɓa ciyawa, ɗauke da shi suke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Yaya. Na sha kuka har Lupe ta riƙa zungurina.

Da tafi ya lafa, shi da bakinsa ya ce a kawo masa keken, a gaban kowa. Ya zauna, ya ce wa Dewayne ya tura a hankali, yana so ya ga mutane.

Ki gaishe da Goggo Salamasina da Kawu Faleolo da yara duka. Malaki ya ce kada in gaya miki ya yi hawaye, don haka ban gaya miki ba.

Taki har kullum,
Fetuao