Fiton Baba a Kan Faifai

Komiža, Oktoba 1964

Zuwa ga yayana Dinko,

Gaisuwa mai yawa daga tsibiri, da fatan kana lafiya, kai da matarka Linda da ɗan jaririn da har yanzu a hoto kawai muka san shi. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko a Amurka an daina sayar da takardar rubutu ne, sai faifai.

Ƙunshin faifan ya iso a jirgin ruwan da ke zuwa daga birnin Split. Daga masana'antar kifi na zarce gidan waya da gudu, har na kai hannu zan buɗe na tuna abin da ka ce game da maiƙo, na koma na wanke da sabulu. Yaya, wannan ya fi duk waɗanda ka aiko a baya. Jitar tana amsa kuwwa kamar a cikin rijiya ake kaɗa ta, mai gangar kuma ba ya ko tsayawa ya numfasa. Na ɗora garmaho a kan taga, kafin in juya faifan rabin unguwa ta taru a ƙasa.

Mama ta sake tambayarta ta kullum, wai yaushe mawaƙin zai fara. Na ce mata ai kiɗa ne zalla, ba a waƙa. Ta ce Allah sarki, ashe su ma talakawa ne, ba su da halin ɗaukar mawaƙi. Barba Roko, abokin kamun kifin Baba, ya karɓi kwalin ya daɗe yana duban mutumin da ke tsaye bisa katako a kan igiyar ruwa. Ya ce a nan idan teku ta tashi haka, mai hankali coci yake nufa, ba ya cire ƙyauren ɗakin uwarsa ya hau ba. Yana faɗa ƙafarsa tana bin kiɗan.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Kiɗa na uku a fuska ta biyu an karce shi, karcewa mai zurfi, daga farko har ƙarshe, allura tsalle kawai take yi. Sauran wurin ko ƙwarzane babu. Na tsine wa masu ɗaukar kaya a hanya har na gaji. Ka san ni, faifai mai giɓi ba ya barina in huta, sai in ga kamar wanda ban ji ba shi ne ya fi daɗi.

Har yanzu ba ka ce mini komai a kan tef ɗin da na aiko maka bara ba, wanda malam Zdravko ya ɗauke ni da na'urar makaranta. Kiɗan nan ne da na yi da fiton bakin Baba, dogo ɗaya da gajeru biyu, wanda yake yi daga cikin jirgi in ya shigo gaɓa, mu amsa masa daga gida. Tun da teku ta tafi da shi a kusa da tsibirin Palagruža ba mu da kabarin da za mu ziyarta, wannan kiɗan shi ne kabarinsa a wurina. A Disamba zan sake kaɗa shi ranar Mikula, waliyyin masunta, lokacin da ake ƙona tsohon jirgi a gaban coci. In ka ji shi bai yi maka ba, ka faɗa mini, ba zan mutu ba.

Ka huta lafiya,
ƙanenka Vicko

San Pedro, Nuwamba 1964

Vicko, kunnen jemage,

Ina gaishe ka, ka gaida mini Mama, ka sumbaci hannunta a madadina. Ka ce wa Barba Roko mutanen nan har gasa suke yi da ƙyauren uwayensu, kuma 'yan mata sun fi son su a kan masunta.

Na ji daɗi da faifan ya yi maka. Da za ka ga shagon da nake sayensu da sai an fitar da kai da sanda. Akwai wani ɗan akurki na gilashi, ka shiga da faifai ka saurara kafin ka saya. Duk Asabar ina can, har mai shagon ya fara ce mini in kawo katifa. Wannan na ƙarshe ma ban saya ba, yaran da suka yi shi 'yan unguwarmu ne, mai gangar ƙanen Linda ne. Nakan taya su ɗaukar kaya in za su yi wasa a bakin teku.

Batun karce, ka rabu da shi. Na ji kiɗan, ba wani abu ba ne, cike gurbi suka yi da shi. Kada ka wahalar da kanka neman wani, irin ƙananan faya-fayan nan ba sa ƙetare California. Zan aiko maka da biyu sababbi kafin Kirsimeti, ka manta da wancan.

Tef ɗinka yana nan a ajiye. Aiki ya yi yawa, kifin tuna ba ya jiran kowa, za mu yi maganarsa wata rana. Ka ci abinci, a hoton nan kamar sandar tuƙi kake.

Yayanka,
Dinko

Komiža, Disamba 1964

Dinko,

Ina gaishe ka saboda Mama ta koya mana a fara da gaisuwa. Faifanka biyu sun iso, suna nan a ƙunshe yadda suka zo.

Ranar Mikula an ja tsohon jirgin gidan Bepo an kai gaban coci, an cinna masa wuta da safe kamar kowace shekara. Da wutar ta kama sosai Fada ya yi mini alama, na ɗauki jita. Ka san yadda wurin yake yin shiru, kowa yana tuna nasa da ruwa ya ci. Ban kai rabi ba na ji dariya daga baya. Lukša ne, ɗan gidan mai burodi, wanda yake aiki a jirgin dakon kaya, ya dawo hutu da wando irin na Amurkawa. Da na gama ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Ka iya kwaikwayo, Vicko. Amma ai sauri ake yi da shi, kai ka mai da shi na zaman makoki."

Na tambaye shi me yake nufi. Ya ce kiɗan faifai ne, ya ji shi a gidan giya a Los Angeles, ya ma sayo faifan, yana cikin akwatinsa. Barba Roko ne ya riƙe mini hannu, da na zubar masa da haƙora a gaban coci. Kafin la'asar maganar ta zaga gari, wai shekara uku ina sa mutane kuka da kiɗan rawar Amurkawa ina cewa na ubana ne. Matan wurin aiki suna ganina sai su fara karkaɗa ƙugu.

Washegari na je gidansu Lukša. Kwalin da ya fito da shi irin nawa ne sak, mutumin nan da katakonsa. Na ce ya sayar mini, ya ja rai, sai da na ba shi gangar katako cike da kifin gishirin da na tanadar wa sanyi da tulun giyar inabinmu. Har a lokacin, wallahi, so nake in kama wani baƙon ɓarawo in rubuto maka ka nemo mini shi.

Na kai gida na ɗora allura a kiɗa na uku. Taga a buɗe take, Mama tana tsakar gida tana gyaran wake. Kafin jita, kafin ganga, fito ne ya fara fita, dogo ɗaya da gajeru biyu. Ba fitona ba ne, ni nawa siriri ne, kullum Baba yana ce mini kamar na tsuntsu. Mutum ɗaya ne a duniya ya gaji nasa har da 'yar rawar da yake yi a ƙarshe. Na ji kwano ya faɗi. Da na leƙa, Mama ta riga ta amsa, gajeru biyu, ta buɗe ƙofar gida tana sauka hanyar gaɓa da takalmi ɗaya. Sai gangar ƙanen matarka ta ɓarke, wasu samari suna ihu. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta waiwayo ta dubi tagata. Ba zan manta fuskar nan ba, kuma ina so kai ma ka ɗauke ta ka ajiye.

Na kai wa malam Zdravko kwalin ya fassara mini sunan kiɗan. Wai "Gashin Suzi ya jiƙe". A ƙarƙashinsa an rubuta wanda ya tsara shi, D. Kosman. Lukša ya ce ai haka suke kiranka a can, sunan gidanmu Kuzmanić ya yi wa bakinsu nauyi.

Yanzu na san wanda ya yi karcen. Da ƙusa ka yi ko da wuƙar yankan kifin tuna? Abin da ya fi ci mini rai, ka zauna ka yi shi a tsanake don kada ka taɓa na biyu da na huɗu, sannan ka ƙunshe ka rubuta sunana a kai. Da ba ka aiko shi gaba ɗaya ba da ya fi mini. Amma so kake ya shigo gidanmu ka ji na yaba, ni kuwa na yaba har na tara maka unguwa.

Vicko

San Pedro, Fabrairu 1965

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ko ba ka so. Batun Mama ya hana ni cin abinci, ban taɓa zaton zai kai kunnenta ba.

Amma ka bar ni in faɗi nawa. Kana magana kamar kai kaɗai aka haifa a gidan. Ni Baba ya fara koya wa fiton nan tun kana goye. Ku kuna da gaɓa, kuna da coci, kuna da jirgin da ake ƙonawa, kuna da Barba Roko mai ba da labarinsa. Ni me nake da shi? Labarin mutuwarsa a wurin aiki ya same ni, na karanta na koma kan layi na ci gaba da feɗe kifi.

Tef ɗinka na ji shi ya fi sau ɗari. Wata rana yaran suna gidana na sa musu. Kiɗa ɗaya ya rage musu su cika faifai, suka ce wannan ne. Na ce na ƙanena ne. Mutumin kamfanin ya ce ba zai sa sunan wanda ba zai iya zuwa ya sa hannu ba, balle daga ƙasar 'yan gurguzu. Ko sunana ko na ƙanen Linda, ka ce da wanne zan zaɓa? Sunan Suzi kuma ba ni na raɗa ba, a nan kiɗa mara waƙa suna kawai ake liƙa masa, wanda zai sa yara su saya. Sun ce a yi sauri, an yi sauri. Abu ɗaya na kafe a kai, fiton ya tsaya a farko kuma ni zan yi shi.

Na ga dandali cike da samari da 'yan mata, babu wanda ya san inda tsibirinmu yake, fiton Baba yana tashi duk su yi tsit kafin ganga ta shigo. Kai ba ka gani ba. Ni a nan nake yi masa tawa addu'ar. Karcen kuwa, eh, ƙusa ce. Na san halinka, na san ba za ka gane ba, ga shi kuma ba ka gane ba.

Zan rubuta wa Fada ya faɗa wa mutane kai ka tsara shi. In faifan ya kawo wani abu, rabi naka ne. Na fara neman takardun zuwa, ina sa ran Yuli. In jirgin Split ya shigo gaɓa zan tsaya a gaba in yi fito kamar yadda yake yi. Ka amsa mini, Vicko, daga nan ko dukana ne ka yi.

Yayanka har gobe,
Dinko

Komiža, Afrilu 1965

Dinko,

Gaisuwa. Fada ya karanta saƙonka bayan sujada. Mutane sun gyaɗa kai, suka fito suna cewa ai yaya ne kawai yake rufa wa ƙanensa asiri. Na gwada kiɗan ni kaɗai a ɗaki, yatsuna da kansu suke sauri, gangar nan nake ji a kunnena. Na ce wa Fada bana ya nemi wani. Rabin da ka ce, ka ba Suzi.

Na so in jefa faifan Lukša a teku, Mama ta hana. Kullum da yamma, lokacin shigowar jirage, sai ta sa shi ta ji fiton, ta amsa, ta yi sauri ta ɗage allura kafin ganga. Sau da yawa gangar takan riga ta. Don haka na nemi ƙusa na yi irin aikinka, na karce sauran a tsanake na bar mata fiton kawai.

Ka zo a Yuli, ta riga ta shanya katifarka. In ka yi fito za ka ji an amsa daga gida, murya ɗaya. Kada ka tsaya jiran ta biyu.

Ka huta lafiya,
Vicko Kuzmanić