Ni na kai maganarta wajen Maman Pasto

Salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah shawara nake nema, kuma kafin Lahadi, domin na rasa inda zan sa kaina.

Ni malamar firamare ce a Kalgo, cocinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Akwai wata 'yar uwa a zumuntar mata, bari in kira ta Maman Rahila, 'yarta ɗaya ce kuma mai sikila. Wata Lahadi yarinyar ta yi amai a ajin yara, ina canza mata riga na ga laya ɗaure a ƙugunta. Ashe wani mai magani ne wajen garin Diggi ya ba uwar, bayan ta gaji da zaryar asibiti. Maimakon in ja uwar gefe in tambaye ta, sai na tafi wajen Maman Pasto na ce ga wani abu mu sa a addu'a. Kun dai san irin wannan addu'ar tamu, gulma ce aka ɗaura mata ɗankwali. Kafin sati biyu magana ta kai gaban dattawa, aka sanar a gaban jama'a an sa Maman Rahila horo wata uku, benci na baya, ba Jibin Ubangiji, ba zanen zumunta.

Tana cikin horon nan Rahila ta rasu. Mun je gaisuwa kam, amma a ɗarare, ko waƙa ɗaya ba mu yi ba, wai kada a ce mun karya horo. Maƙwabtanta Musulmi su suka zauna da ita kwana da kwanaki, suna dama mata kunu suna share mata tsakar gida. Na ga wannan da idona, kunya ta kama ni har yau ba ta sake ni ba. Daga baya aka mayar da mijinta aiki Gwandu, suka tashi, tun daga nan ba ta ƙara taka ƙofar coci ba, Littafinta Mai Tsarki ma yana ƙasan akwati.

Wata biyar ke nan duk Asabar ina shiga mota in je Gwandu. Da farko don in rage nauyin zuciyata nake zuwa, ba zan yi ƙarya ba, amma yanzu ina ƙaunar matar nan har raina. Ba na yi mata wa'azi, tsintar wake muke yi, in ta ga dama ta yi zancen Rahila, in ba ta ga dama ba mu yi shiru. Ta ce in ta buɗe baki za ta yi addu'a sai ta ji kamar da bango take magana. Rannan ta riƙe hannuna ta ce, “Malama, duk sunka watse, ke ɗai kinka tuna da ni.” Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya ƙara dagula min lissafi, wata baiwar Allah take zargi da tona ta, Saratu, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, har sun daina gaisawa. Na gaya wa maigidana komai, ya ce a bar kaza cikin gashinta, tunda mace ta fara farfaɗowa kada in tsokano tsohon ciwo don kawai ni in samu sauƙi. Na yi masa musu muka kwashe kwana biyu muna fushi, amma maganarsa ta tsaya min, don ban sani ba ko gaskiyar nake so ko kuwa a yafe min nake so.

To Asabar ɗin da ta wuce ta ce za ta zo sujada cocinmu wannan Lahadin, da sharaɗin zan zauna kusa da ita. Sannan ta roƙe ni in taya ta addu'a, Allah ya ba ta zuciyar yafe wa wanda ya tona ta, domin har yanzu ta kasa. Na durƙusa na yi addu'ar, ta ce amin.

'Yan uwa, in na faɗa mata, ina tsoron ta ce ashe duk zuwan nan yaudara ne, ta rufe ƙofarta, ta rufe da Ubangiji gaba ɗaya. In na yi shiru, Saratu na ɗauke da laifina, kuma a kan ƙarya zan maido ta gidan Allah. Ku gaya min, in faɗa kafin Lahadi, ko in bari sai ta samu ƙarfi? Kuma in kun ce in jira, da wace fuska zan zauna kusa da ita?